Harsashi Mai Riga

In ana lissafin mutanen da baki ya yi wa rana a birnin Riyad, da Injiniya Badamasi za a fara. Aikinsa na gaskiya gyaran na'urorin sanyaya ɗaki ne a wani asibiti da ke wajen Murabba, kuma ba laifi, yana taɓukawa. Amma tun ranar da ya sauko daga jirgi aka buga masa iƙama, wato takardar izinin zama, bai taɓa gabatar da kansa da wannan sana'a ba. Cewa yake shi jikan maharba ne, a dajin Falgore aka binne cibiyarsa, kakansa kuwa in fara ta tashi sama yakan tambayi jama'a wace ƙafa suke so ya karya mata. Ya faɗa a ƙofar masallaci, ya faɗa a wurin suna, ya faɗa har a wurin ta'aziyya, sai da Hausawan garin suka gaji suka laƙaba masa Sarkin Baka don ya bar su su ci abinci. Gogan naka ya karɓa hannu bibbiyu. Sunan ya zauna daram, har 'yarsa Raliya, wadda aka haifa a nan take jin Larabci fiye da Hausa, ta ɗauka sunan gidansu ke nan.

Gaskiyar magana kakan nasa goro yake sayarwa a tasha, kuma Badamasi bai taɓa harba abin da ya wuce danƙo ba. Ƙasar da yake zaune ce ta rufa masa asiri, don a Saudiyya ba wanda zai tare ka a titi ya miƙo maka bindiga ya ce ga tsuntsu can, nuna mana. Shekara da shekaru yana kashe zakuna da baki, ba a taɓa neman ya kawo ko wutsiya ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Dabo, shugaban ƙungiyar Hausawa mazauna garin, dattijo mai son raha, ya tara mutane a inuwa. Ya ce taron bayan sallah na bana a istiraha za a yi, wato irin gidan shaƙatawar nan da ake haya a bayan gari. Ya ƙara da cewa mai gidan yana da bindigar iska, wadda Larabawa ke kira saktun, kuma ya yarda a yi gasar harbin takarda da ita.

Dakta Zulkifilu, likitan ido, mutum mai magana a hankali kamar yana ɗiga wa mutum magani, ya gyara tabarau ya ce, "To ai shi ke nan, ranka ya daɗe. Tunda bindiga ta samu, sai a yi abin bisa ƙa'ida. Wanda ya ci gasa shi ne Sarkin Baka. Wanda ya faɗi ya koma sunan da aka yanka masa rago da shi."

Jama'a suka ce madalla, Alhaji Dabo ya ce har jar hula za a ɗinka wa wanda ya ci. Aka waiwayo ana kallon Badamasi. Shi kuwa ya gyara zaman hularsa.

"Likita, je ka ci gaba da leƙa idon tsofaffi," in ji shi. "Ni ko ɗaure min ido aka yi da rawani aka juya ni, in na rasa tsakiyar takardar nan ku daina gaishe ni."

"Gaisuwa dai za mu ci gaba da yi, Injiniya. Sunan kawai za mu karɓe."

Ya koma gidansa a unguwar Utaiƙa ya kasa cin abincin rana. Tsoro ne ya kama shi na gaske, don sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka a garin. Likitoci suna da Dakta, ɗalibai suna da Malam, shi kuwa in aka cire masa Sarkin Baka sai ya zama mutumin da ake tunawa da shi in esi ya fara ɗigar ruwa. Mai hankali da sai ya nemi inda zai koyi harbi. Badamasi sai ya jawo waya yana neman dabara.

Yana cikin latse-latse ya ci karo da bidiyon wani tsohon Bature mai gemu, yana narka dalma yana zuba harsashi da hannunsa, sa'an nan ya naɗe kowanne da 'yar takarda. Baturen ya ce takardar ce ke kama zanen da ke cikin bututun bindiga, dalma ba ta gogar ƙarfe, harsashi ya fita yana juyawa ya tafi ɗoɗar, ita kuma takardar ta tarwatse a bakin bindiga. Badamasi bai kalli bidiyon har ƙarshe ba. Bai ma lura da cewa bindigar Baturen ta kusa tsawon mutum ba, ba irin ta iskar da ake harbin gwangwani da ita ba ce. Abu ɗaya ya ɗauka, kuma shi ya miƙar da shi tsaye: ashe harbi ba a hannu yake ba, a harsashi yake.

Kafin magariba ya saki saƙon murya a guruf ɗin ƙungiya. "Jama'a, ku sani ni ba na harba harsashin kanti, wannan na 'yan koyo ne. Nawa zan ƙera, dizayin ɗina, harsashi mai riga. Sirrin kakana ne Turawa suka sace. Shi harsashi mai riga ko baya ka juya masa ya san hanya."

Dakta Zulkifilu ya amsa da layi ɗaya: "Allah ya sa rigar ta yi masa daidai."

Dalma ba ta yi wuyar samu ba. Ya je wurin masu facin taya na unguwar ya kwaso 'yan gutsattsarin dalmar da ake maƙala wa ƙafar mota. Mazubi kuwa ya kwaɓa farin siminti ya huda masa ramuka da ƙusa. Bai taɓa ganin bindigar ba balle ya auna bututunta, amma ya ce idon maharbi shi ne ma'auni. Saura abin narkawa. Ya shiga kicin yana dube-dube, idonsa ya sauka a kan tandar matarsa.

Tandar ƙarfe ce da mahaifiyar Hajiya Balaraba ta ba ta tun daga Kano, kuma masar Balaraba ita ce ke ɗaga taron ƙungiya kowace shekara. Mutane kan bar tiren shinkafar kabsa da rago a kai su yi layi a kanta. Badamasi ya san haka sarai, shi ya sa ya jira sai da ta fita cefane. Ya kalli ramukan tandar ya ce wallahi kamar don narka dalma aka yi su.

Bai jira mazubin ya bushe ba. Yana tuttula dalma a ramin farko, abin ya yi fas, ya watso masa. Girarsa ta hagu ta tafi, gefen gemu ya raka ta. Tsumman da ya riƙe tandar da shi ya kama wuta, hayaƙi ya turnuƙe kicin, ƙararrawar gobara ta benen ta hau kururuwa. Harisin gidan, wato mai gadi, ya hawo da gudu yana dukan ƙofa yana tambayar mene ne wannan da Larabci, "Esh hada? Esh hada?"

Badamasi ya leƙo da gira ɗaya, hayaƙi na fita ta bayansa. "Mafi mushkila, sadik, ba matsala, aboki. Turaren ƙasarmu ne."

A haka Balaraba ta tarar da su, maƙwabta sun cika matattakala kowa da hannu a hanci. Ta ajiye ledar cefane ta wuce kicin. Ta daɗe ba ta fito ba.

"Baban Raliya, me nake gani a cikin tandata?"

"Kimiyya ce, Hajiya. Ki sa mata omo ta koma sabuwa."

Duk da haka ita ce ta kira likita saboda idon. Dakta Zulkifilu ya zo da 'yar tocilarsa, ya ɗaga fatar idon ya haska, ya ce, "Ido lafiya lau. Girar ce dai ta riga mu gidan gaskiya." Ya leƙa kicin ya dawo yana girgiza kai. "Tanda kuwa, Hajiya, sai haƙuri. Dalma guba ce. Duk wanda ya ci masar cikinta ba ni zai zo gani ba, likitan ƙwaƙwalwa zai nema."

"Hassada ce," in ji Badamasi. "Kakana a tukunyar miya yake narka dalma."

"To ai kuwa mun gano inda abin ya samo asali."

Da likita ya tafi Balaraba ta zauna ta yi kukanta, don abin ya yi mata zafi, tandar nan ita ce abin mahaifiyarta da take taɓawa kullum a ƙasar mutane. Da ta share hawaye ta ce, "Allah ya rufa min asiri, Inna ta aiko da kilishi ta hannun wata nas da ta dawo hutu. Shi zan kai taro a madadin masa, kowane gida da ƙunshinsa. Yana saman kwaba. Baban Raliya, in ka taɓa kilishin nan…"

"Haba, Hajiya. Ni da nake ƙera tarihi me zan yi da kilishi?"

Ya mayar da masana'antar tasa saman bene da gwangwanin madara. Bayan ƙone-ƙonen yatsu ya samu harsasai cike da tafin hannu. Wasu kamar ƙwayar dawa, wasu kamar haƙorin akuya, ɗaya ma da wutsiyarsa ya fito. Ya ce ba komai, riga za ta rufe.

A nan kuma rigar ta zama aiki. Ya tattaro rasit ɗin kanti, don ya ga siriri ne, ya zauna a bakin ƙofarsa da almakashi yana yanka. Sai ga maƙwabcinsa Malam Abdussalam, mutumin Maraɗi da ke digiri na uku a fiƙihu. Malam irin mutanen nan ne da in suka ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai sun tsuguna sun ɗauka, kamar yadda aka koya musu tun suna yara. A gida wannan ba wahala ba ce. A Riyad kuwa tafiyarsa daga gida zuwa masallaci sai ya fita tun kafin a kira salla.

"Subhanallahi! Sarkin Baka, mi kake yi da wannan?"

"Riga nake yanka wa harsashi, Allah gafarta Malam."

Malam ya ɗauki guda ya kai kusa da ido. "Karanta nan. Shagon Abdurrahman. Sunan Allah za ka cusa cikin bindiga ka harba? La yajuzu!"

"To jarida fa?"

"Ta fi muni. Akwai aya a shafin ta'aziyya."

"Takardar shawarma?"

"Mai shagon Abdul'aziz sunansa, kuma ya buga shi tun daga sama har ƙasa."

"Malam, garin nan ko takardar da za a ƙunsa albasa sai an rubuta mata Larabci!"

"Shi ya sa bayana ke ciwo," in ji Malam. Ya kwashe rasit ɗin kaf ya cusa a aljihu ya wuce.

Badamasi ya kwaso farar takardar ofis, ta yi kauri, in ya naɗa sai ta warware ta miƙe. Ya gwada tishu, yana lasa ya narke masa a harshe. Ya koma wurin Baturensa ya ji yana cewa takarda sai siririya, mai ƙwari, mai ɗan maiƙo. Sallah ta zo ta wuce, taro ya matso, a guruf kuma ba a bar shi ya huta ba. Wani ya tambaya ko tela ya gama ɗinkin. Wani ya ce a yi wa harsashin aiki a wuya. Shi kuwa yana amsawa da cewa babban aiki ba a yi masa gaggawa, alhali hankalinsa a tashe yake.

Ana gobe taro, da rana tsaka, Balaraba ta tafi kitso. Yana kwance yana kallon silin wani ƙamshi ya sauko masa daga saman kwaba. Ya hau kujera ya jawo kwalin, ya buɗe ƙunshi ɗaya. Bai ko kalli naman ba. Takardar ya ɗaga wajen haske kamar likita mai duba hoton ƙirji. Ruwan ƙasa ce, siririya, ya ja ta ba ta yage ba, mai ya ratsa ta ciki da bai, kuma babu ko harafi ɗaya a jikinta. Ya ce, "Allahu akbar! Ashe rigar daga gida za ta zo."

Ya tuna da alkawarin da ya yi, ya kuma warware wa kansa shi nan take: kilishi aka ce kada ya taɓa, ba a ambaci takarda ba. Da yake bai san wacce za ta fi dacewa ba sai ya kwance ƙunshin duka, ya jibge naman a cikin baho, ya rufe da tawul ya mayar saman kwaba. Da ya zo naɗi takardar ta ƙi mannewa saboda maiƙo. Ya sake lalube kwalin ya samu ƙullin yajin da Inna ta haɗo da shi, jajawur, irin wanda ake gargaɗin baƙo kafin ya dangwala. Ya tuna garin ƙuli-ƙulin da ke cikin yaji yana danƙo in ya ji ruwa. Ya kwaɓa yajin, ya shafa wa kowace riga ciki da waje ba rowa, ya naɗe, ya jera a bakin taga. Ranar Riyad ba ta ɓata lokaci ba, kafin la'asar sun bushe ƙamas. Ya yi atishawa sau da yawa yana aikin, ya ce esin gidan ne ke son wanki.

Da safe Balaraba ta sauko da bahon ta ɗaga tawul. Ba ta yi ihu ba. A mota, kan hanyar istiraha, ta rungume bahon a cinya ta juyo wajen mijinta.

"Tsirara zan kai kilishin Inna cikin mutane? A tafin hannu zan zuba wa matar Alhaji?"

"Hajiya, in na ci gasar nan ba wanda zai tuna da takarda."

"Ni zan tuna."

A istiraha an kafa takardun saiti a jikin katangar tsakar gida, kowacce da zagaye-zagayenta da baƙin ɗigo a tsakiya, kowane maharbi da tasa. Aka fara da harsashin kanti. Wasu suka samu gefe, wasu suka samu katanga. Dakta Zulkifilu ya gyara tabarau ya harba nasa a natse, ya huda takardarsa nan da can, ɗaya ta kusa ɗigon. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma dai huda ce.

Aka kira Sarkin Baka. Ya taso cikin babbar riga, ya lashi yatsa ya ɗaga sama.

"Akwai iska."

Jama'a suka kalli dabinon gidan, ko ganye ɗaya ba ya motsi.

"Ku ba za ku ji ba, sai maharbi. Harsashi mai riga ba ya son iskar gefe, tana shiga masa hannun riga. A koma ciki."

Alhaji Dabo ya ce a yi masa yadda yake so, kada gobe ya ce an zalunce shi. Aka ɗunguma zuwa majalisar gidan, dogon ɗaki mai darduma da matasai a jikin bango. Aka kafa takardarsa a can ƙarshe. Badamasi ya rufe tagogi da kansa, ya kulle ƙofa ya jefa makullin a aljihu don kada wani ya buɗe yana tsakiyar saiti. Akwai wata ƙatuwar na'urar sanyaya ɗaki mai taya a kusurwa, ya turo ta kusa da takardar ya juyo da bakinta wajen jama'a, ya ƙure ta.

"Injiniya, ba kai ka ce ba ka son iska ba?" in ji Dakta.

"Ta gefe na ce. Ta gaba tana daidaita harsashi. Likita, kai da ido, ni da iska. Kowa ya tsaya a fanninsa."

Maza suka zauna a bayansa, Alhaji Dabo a gaba da jar hula a kan faranti. Mata suka jeru a bayan labule suna leƙe. Mai gidan, Balarabe mai sanyin hali, ya kalli jajayen abubuwan da Badamasi ya zazzage daga gwangwanin alewa ya tambaya ko mene ne. Badamasi ya daki ƙirji ya ce, "Sina'a Najeriya!" Mai gida ya ɗaga kafaɗa ya matsa gefe.

Harsashin farko ya ƙi shiga, sai da ya tura shi da makullin mota. Ya ɗaga bindiga, ya rufe ido ɗaya, ya ja kunama. Bindigar ta ce fut. Wani jan hayaƙi ya fita daga bakinta, harsashin kuwa ya faɗo a tsakiyar darduma ya gangara ƙarƙashin matashi.

"Wannan gwaji ne. Bututun nake ɗumamawa."

Na biyu ya fita da ƙarfi, ya samu butar gahawa da ke can gefe, ta ce ƙwal. Na uku ba wanda ya san inda ya nufa. Abin da kowa ya gani shi ne Baturen bai yi ƙarya ba, takardar tana tarwatsewa a bakin bindiga. Ta tarwatse sarai, ta saki duk yajin Inna ya zama gari a iska. Na'urar da injiniya ya saita da hannunsa ta tattaro shi ta kawo wa jama'a.

Alhaji Dabo ya buɗe baki zai yi magana. "Sarkin Ba… Ba…" Atishawar da ya yi sai da jar hular ta tashi daga faranti. Malam Abdussalam ya ce, "Yarhamukallah." Na kusa da Alhaji ya karɓa, Malam ya ce, "Yarhamukallah." Na bayansa ya karɓa, sahu ya karɓa, bayan labule ya rikice da tari da salati. Malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya iya ƙarfinsa, da ya ga abin ya fi ƙarfin mutum guda ya ɗaga hannu ya ce, "Yarhamukumullahu jami'an!" Bai rufe baki ba tasa ta zo.

"A buɗe ƙofa!"

"Makullin yana wurin Injiniya!"

"Badamasi, don girman Allah, makulli!"

Shi kuwa gogan naka bai ji ba, don iskar ba ta fara da shi ba, kuma harsashi na huɗu ya maƙale masa. Yana cewa, "Ku natsu, yanzu za ku ga aiki," ya karya bindigar, ya zaƙulo harsashin da ƙusa, ya ɗaga bututun wajen haske ya manna idonsa na dama don ya ga ko akwai saura. Hasken kuwa yana wajen da na'urar take. Iska ta shiga ta bakin bututu ta share duk abin da ke ciki, ta juye masa a idon nan guda da ya rage da gira.

Ihun da ya yi an ji shi a istirahar maƙwabta. Ya yar da bindiga ya hau tsalle yana kiran Inna, wadda ba ma tasa ba ce, ta matarsa ce. Mutum huɗu suka danne shi kafin aka samu laluben aljihun babbar riga aka ciro makulli. Aka ɓalle ƙofa, jama'a suka tuɗaɗo waje ba babba ba yaro. Dattawan da ake tashi tsaye in sun shigo suka durƙusa a bakin tafkin wanka na gidan suna tsoma kai. Mata suka yi dafifi a famfo, kwalli ya zubo har haɓa. Mai gida yana tsaye a tsakiya yana hawaye yana tambayar kowa laifin me ya yi musu.

Dakta Zulkifilu, da tabarau ya ɗan kare shi, ya naɗe hannun riga ya sa aka yi layi yana wanke idanu ɗaya bayan ɗaya. Badamasi ne na ƙarshe, kuma ba wanda ya ce a ba shi hanya.

"Likita, gaya min gaskiya, zan makance?"

"Ba za ka makance ba. Kuma ko ka makance harbinka ba zai canja ba."

Ka ce ya isa haka, ko? Ina! Yana zaune a ƙasa da jiƙaƙƙen tawul a fuska ya ɗaga yatsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a duba takardata ba. Na ukun nan da ba a ga inda ya tafi ba, tsakiya ya shiga. Na ji a jikina."

Wani ya toshe hanci ya shiga ya ciro takardar, aka miƙa wa Alhaji Dabo. Ya ɗaga ta sama da jajayen idanunsa, ya juya gaba ya juya baya, ya nuna wa rana. Fes take kamar yanzu aka fito da ita daga kanti.

Alhaji bai yi dogon jawabi ba, don muryarsa ta dushe. Ya kakkaɓe jar hular ya ɗora wa Dakta, jama'a suka ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin Baka," wasu da atishawa a tsakiya. Sa'an nan ya juyo.

"Badamasi, mai gida ya ce na'urarsa ta cika da yaji. Tashi ka kwance ta ka wanke, aikinka ne."

Rabon da ya ji sunan nan tsurarsa a bakin babba har ya manta. Ya yi masa zafi fiye da idon. Ya duba ko akwai wanda zai ce a'a, a bar masa ko da na wasa ne, ya ga kowa na fyace hanci. Ya miƙe zai tafi ke nan sai ga Balaraba ta ratso maza da bahonta a kai, idanu jawur. Ta durƙusa ta gaida Alhaji, ta roƙi takardar da ke hannunsa, ta miƙa wa Malam Abdussalam.

"Allah gafarta Malam, duba min, akwai rubutu?"

Malam ya share hawaye ya duba. "Babu ko alif, Hajiya. Ta halatta."

Ta shimfiɗa takardar a kan tabarma, ta ɗebi kilishi ta jera a kan baƙin ɗigon, ta naɗe tsaf ta ɗaure.

"Kai, wannan takarda ce ta gaske, ko huda babu," in ji ta. Ta miƙa wa Dakta ƙunshin. "A kai wa uwargidan Sarkin Baka."

Ta ɗago ta kalli mijinta, ta kalli bahon da ke cike har yanzu.

"Baban Raliya, gidaje da yawa ba su samu ba. In ka gama da esin, a kafa maka wasu takardun a waje ka harba, sai a miƙo min."